Hasken Da Na Sayo Bashi

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin na yarda in rubuta shi. Ba zan kama sunan kowa ba, har wadda ta riƙa sayar mini da man ƙara hasken fata, don ba ita ta kamo hannuna ba, da ƙafata na je.

Ni 'yar cikin birnin Zazzau ce, ta wajen Ƙofar Kuyambana. Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, saboda haka Umma ba ta kiran sunana. "Ke" ce, ko "yarinyar nan", in kuwa magana ta kama a gaban mutane sai ta ce "yayar su wance". Sana'arta ɗinkin hannu na manyan riguna, irin wanda aka san matan birni da shi. Wani dattijo ne ke kawo mata shadda an riga an zana aska biyu ko aska takwas a jiki, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗaki inda haske ya fi, ta yi ta bin zanen da allura da zare. Riga ɗaya takan ci makonni. In ta gama a kai mabuga, daga nan sai kasuwa, wani mai hali ya saya ya hau doki da ita ranar Hawan Daushe, ba wanda zai tambayi idon wa ya tsiyaye a kanta. Baba malamin firamare ne da ya yi ritaya. Don haka duk kuɗin da za ku ji na ambata a labarin nan, ku riƙa auna shi da allura.

Baƙa ce ni, ba wankan tarwaɗa ba, baƙa sosai, kalar Umma na ɗebo. Ƙanwata mai bi na ita ta kwaso hasken dangin Baba. A Islamiyya Duna ake ce mini. Tsokanar yara ba ta cika damuna ba, don ina da baki, wanda ya faɗa mini ɗaya sai na mayar masa uku. Maganar manya ce ke shiga ta zauna. A gidan biki wata goggonmu takan jawo ƙanwata ta juya ta gaba da baya ta ce, "Wannan kam ba za ta yi kwantai ba, farar mace alkyabbar mata." Sannan ta waiwayo ta dube ni ta ce, "Ke kuma Allah Ya ba ki ilimi." Addu'a ce mai kyau, kuma Allah Ya amsa. Amma tun ina 'yar shekara goma na gane cewa addu'ar rarrashi ce.

A 2021 na shiga jami'a a Samaru. Daga birni ba wata tafiya ba ce, ka fito Ƙofar Doka, ka bi Tudun Wada, ka wuce PZ da Kwangila, shi ke nan ka isa. Ni kuwa kamar wata ƙasa aka kai ni. 'Yan ɗakinmu akwai ta Kano, akwai ta Kaduna, akwai wadda ta tashi a Abuja. Ranar farko na ce "ina rigana?" suka kwashe da dariya har da riƙe ciki, wai Bazazzagiya ta zo, mu da ba mu san mace ba mu san namiji a magana ba. Cikin mako guda na koyi cewa "rigata" da "jakata". Wannan ne abu na farko da na fara gogewa daga jikina.

Kada wani ya ɗauka ina zagin rayuwar hostal ne. Na ji daɗinta ƙwarai. Bayan Isha'i a kunna turaren wuta, wata na yi wa wata kitso, wata na gwada sabon ɗaurin ɗankwali a gaban tsagin madubi, ana soya awara ko a dafa taliya a ci a faranti ɗaya. A yi musu kan wace atamfa ake yayi, wane leshi ne ya wuce, wane tela ne a Samaru ba ya saɓa alkawari (har na kusa gamawa ban same shi ba). Daga nan hira ta karkata kan tsadar shinkafa, ko hanyar Kaduna zuwa Abuja, ko wa zai gaji Buhari. Ranar Asabar da yamma mu taka zuwa bakin dam mu sha iska mu yi hotuna. Ina son kwalliya a lokacin, ina son ta har gobe. Abin da ya same ni ba kwalliya ba ne.

Ranar 14 ga Fabrairun 2022 malaman jami'o'i suka tafi yajin aiki. An ce na gargaɗi ne, mako huɗu. Muka tattara 'yan kayanmu kamar masu zuwa hutun ƙarshen mako. Ba a janye shi ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cif. A cikin wannan zaman ne 'yar yayar Umma da ke aure a Hanwa ta haihu, aka tura ni in taya ta zaman jego. Aikin bai taka kara ya karya ba, in na gama wankin kayan jariri da girki sai waya. Mijinta na sa mini data. Na shiga TikTok da Instagram na yi zaune.

Ba mai na fara shafawa ba, waya ce ta fara shafa mini. Akwai abin da ake dannawa a kyamara ya wanke maka fuska ya ƙara haske. Na ɗora hotona na gaskiya, mutum goma sha wani abu suka yaba, yawancinsu 'yan uwa. Na ɗora wanda waya ta wanke, kafin gari ya waye yabo ya fi ɗari biyu, har da waɗanda ban taɓa sani ba suna tambayar ko an yi mini miji. Na kwanta ina kallon yarinyar da ke cikin hoton. Hancina ne, idona ne, haƙorana ne. Abu ɗaya kawai aka canza. Daga ranar madubi ya zama abokin gaba.

A layin gidan da nake a Hanwa akwai wata mata mai haɗi, wato mai haɗa man shafawa. Ba ta cewa bilicin, ba wanda ke cewa bilicin, kalmar ma zagi ce. "Gyaran jiki" take cewa, kuma kayanta wai duk oganik ne, karas da kurkum da madara da zuma. Ta ce mini, "Ƙanwata, ba canza ki zan yi ba, kalarki ta ainihi zan fito miki da ita, rana ce ta dafar da ke." Na san ƙarya ce, don ina da hotona na ranar suna. Amma ƙarya ce mai daɗin ji.

Sau ɗaya na taɓa ganin tana haɗin, ranar da na shiga ba ta zaci zuwana ba. Tana zaune a tsakar ɗaki da babbar roba a gabanta. Gefenta tarin ƙananan tub-tub ne irin na maganin ƙuraje da ake sayarwa a kemis, tana yanke gindinsu da reza tana matse su cikin farin mai. Ta kawo wasu 'yan kwalabe masu rubutun da ban iya karantawa ba ta tsiyaya, ta zuba wani ruwa mai warin da ya sa idona ya kawo ƙwalla, sannan ta sa muciya ta tuƙa kamar mai talge. Karas ɗin da na gani a ɗakin guda ɗaya ne, wanda ke jikin takardar da take liƙa wa robobin. Na gani da idona. Na miƙa mata naira 8,000 na karɓi nawa.

Mako biyu aka fara magana. "Kai, kin yi fes." "Hutu ya karɓe ki." Da na je gida Babbar Sallah a watan Yuli, goggon nan tawa mai addu'ar ilimi ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Ashe haka kike, wahala ce ta ɓoye ki?" Ta jawo ni ta juya ni gaba da baya, yadda take yi wa ƙanwata. Shekara goma sha biyu ina jiran wannan juyin. Wanda bai taɓa jira ba ba zai gane abin da na ji ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa ban ji daɗi ba. Umma ta ɗago ta dube ni sau ɗaya ta mayar da kai kan ɗinkinta. Da dare ta aiko ƙanwata, wai a tambaye ni me nake shafawa. Na ce dilka ce da kurkum.

Abin da ba a faɗa wa mai shiga shi ne, haske yana da iyali, kuma duk kai za ka ciyar da su. Akwai man jiki, akwai na fuska daban, akwai sabulu, akwai wani ɗan ƙarami mai tsada na gaɓoɓin yatsu, don su ba sa jin magana, su ne ke tona asiri. Sai safar hannu da ta ƙafa saboda rana. Sannan wadda ta yi haske ai ba za ta koma cikin tsofaffin atamfofinta ba. Da aka koma makaranta sai ga bukukuwa sun taru, don yajin aikin ya aurar da 'yan ajinmu da dama. Da ba a sa ni a sahun gaba na ƙawayen amarya, yanzu ni ake fara kira. Anko uku na yi cikin wata biyu, kowanne da kuɗin ɗinki, da na mai kwalliya, da na lalle, da gudunmawa.

A nan na fara yi wa gida ƙarya. Yau kuɗin takardun darasi, gobe kuɗin aikin gwaji, jibi an ce kowa ya sayi littafin malam. Baba ba ya musu da abin da ya shafi karatu. Umma ta karɓi kuɗin riga biyu tun ba ta sa musu allura ba, ta ƙulle a leda ta ba ƙanena ya kawo mini har bakin get. Na shiga adashe da 'yan hostal na roƙa aka ba ni ɗaukar farko. Mai haɗi kuma ta buɗe mini littafin bashi, tunda na zama 'yar gida.

Jikina ya fara magana tun kafin hunturu ya shiga. Jijiyoyi kore suka fito raɗau a hannuna da cinyata. In na taka daga hostal zuwa ɗakin lakca da rana sai fuskata ta yi ja ta ɗau zafi kamar an watsa mini barkono. Nankarwa mai faɗi ta tsattsaga mini damtse, ni da ban taɓa haihuwa ba. Gashi ya fara tsirowa a gefen fuskata. Akwai wani ƙarni da ke tashi in na yi gumi, wanda humra ba ta rufe shi, sai dai su haɗu su ba da wani abu da ya fi muni. Wuƙa ta ɗan yanke ni ina yanka albasa, ciwon da zai warke a kwana uku ya yi mako uku yana ruwa. Na kai ƙara wurin mai haɗi, ta ce tsohuwar fata ce ke fita, ta ba ni wani "mai ƙarfi" ta ƙara a littafi.

Abin dariya, abin kuka, canjin kuɗi ne ya cece ni. Kowa ya tuna farkon 2023, bayan an sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin aka ce a mayar banki, sababbin kuma babu su. Mutane na kwana a layin ATM, masu POS na sayar maka da kuɗinka, tiransifa ta yi kwana biyu tana yawo a iska. A ɗakinmu kullum musu ake, wasu na cewa maganin masu sayen ƙuri'a ne, wasu na cewa talaka ake kashewa, ni ce ma mai babbar murya a ciki. Ba wanda ya san abin da ke cin raina daban ne. Dattijon da ke kawo wa Umma aiki ya daina zuwa, don ba mai sayen babbar riga alhali ba a samu na masara ba. Mai haɗi ta ce ba ta ƙara ba ni ko cokali sai na biya na baya, kuma tsaba take so. Na kankare robar da yatsa har ta yi ƙyalli.

Kwana huɗu da ƙarewar man, fuskata ta kama wuta. Ta kumbura, ta yi jawur, ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso tun daga goshi har wuya. Ga iskar hunturun Samaru, fatar ta bushe ta dinga tsagewa tana saɓulewa. Ruwan alwala in ya taɓa ni sai na ciji leɓe. Na lalubo takunkumin da ya rage tun zamanin korona na rufe fuska, na ja hijabi har gira, na ce mura nake yi. Daga baya na daina fita gaba ɗaya. Gwaji biyu aka yi ina kwance na juya wa bango fuska. Ina cikin haka aka ba da umarnin rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu saboda zaɓe. Wurin ɓuya ya ƙare.

Sai da na bari magariba ta yi na shiga gida. Babu wuta. Na gaishe da Baba daga bakin ƙofa, na wuce ɗaki na kwanta da takunkumina. Can cikin dare na fito yin alwala, ruwan randa ya taɓa fuskata, wani ɗan ƙara ya kuɓuce mini. Sai na ji motsi a bayana, hasken tocila ya sauka a kaina.

Umma ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, wanda tunda aka haife ni ban taɓa ji a bakinta ba. Ta ce, "Juyo."

Na juyo. Ta daɗe tana haska ni. Ta sa yatsa, wanda allura ta yi wa kanta, ta taɓa kuncina a hankali. Ta ce, "Kuɗin rigunan nan biyu, nan suka tafi?" Na gyaɗa kai. Na jira mari, wallahi da ta mare ni da na samu sauƙi. Sai ta kashe tocilar, muka tsaya cikin duhu, ta ce da Zazzagancinta, "Ashe kalana ne ba ki so."

Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Ko sau ɗaya. Duk watannin nan ina ganin da kaina nake faɗa.

Bayan zaɓen shugaban ƙasa Baba ya kai ni asibitin koyarwa na Shika, a keken wani maƙwabcinmu da ya yarda a biya shi daga baya. Duk hanya bai ce mini komai ba sai "Allah Ya kyauta". Likitar fata ta karɓi robar da na zo da ita ta shinshina, ta ce ba sai an faɗa mata ba, kullum tana ganin irina. Ta yi mini bayani dalla-dalla, kuma shi ne dalilin da ya sa nake rubutun nan. Baƙin da ke fatarmu wani sinadari ne, melanin, aikinsa tare zafin rana. Masu haɗi abu uku suka fi zubawa don su kashe shi. Tub-tub ɗin nan da na ga ana matsewa sitiroyid ne, magani ne na gaske da ake ba mai cutar fata ya shafa na 'yan kwanaki. In aka mayar da shi man shafawa sai ya sirantar da fata, ya kawo nankarwa da gashi da ƙuraje, ya hana ciwo warkewa, yana iya ratsawa cikin jini ya tayar da suga da hawan jini. Fata kuma tana sabawa da shi, ranar da aka yanke mata shi kwatsam sai ta yi irin borin da tawa ta yi. Na biyu haidirokwinon, wanda hukumar NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa ba, amma wa ke awo a robar tsakar ɗaki? In aka daɗe ana shafa shi sai ya juya ya bar wani baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kan kumatu, mai wuyar fita. Na uku zaiba, ita kuma ƙoda take bi da jijiyoyi. Aka ɗebi jinina da fitsarina. Kwanakin da na yi ina jiran sakamakon nan ban san na iya addu'a haka ba. Alhamdu lillahi, ƙodata lafiya.

Warkewar ba ta da labari mai daɗi. Watanni ne na magani da man kare rana da haƙuri. Na yi baƙi fiye da yadda Allah Ya halicce ni, kuma ba bai ɗaya ba, dabbare-dabbare. Masu cewa na yi fes suka koma "ciwo kika yi ne?", wasu kuma su yi shiru su kalli gaɓoɓin yatsuna su kalli juna. Kwas biyu suka biyo ni. 'Yan adashe suka yi mini taro a ɗaki, kuma da gaskiyarsu. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota daga birni zuwa Samaru ya zama abin da sai an yi shawara. Na fara yi wa 'yan hostal lalle, ja da baƙi, ina tara ɗari biyar-biyar. Wata goma sha ɗaya na yi kafin na fita daga bashin adashe da na mai haɗi. Na Umma kuwa ta ƙi karɓa. Sai dai in na je gida ni ke zura mata zare a allura, don idon ya fara gajiya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ana cikin maganin, wata ƙawata ta sa ranar aure, aka fitar da anko, aka buɗe zauren WhatsApp na ƙawaye, ba a sa ni ba. A daren na nemo lambar mai haɗi na rubuta mata "Anti akwai kaya?" Ta amsa nan take, har da 'yar fuskar murmushi. Na yi kusan awa ina kallon amsar. Ba tsoron ƙoda ne ya hana ni ba, ban kai wannan hankalin ba. Kuɗin ne babu.

Na taɓa karanta cewa wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da man ƙara haske. In aka kawo irin wannan magana, 'yan matan ake zagi, a ce sun raina halittar Allah, kuma ban ce ba mu da laifi ba. Amma ni na ga samarin da ke rubuta dogon wa'azi kan bilicin da safe, da yamma kuma su bi farar da ta wuce da ido har ta ɓace. Na ga uwar da ke aika ɗiyarta gyaran jiki wata guda kafin biki ta ce a fito mata da ita "ta yi haske". Goggona har yau ba ta san tana cikin labarin nan ba. Da ta ga yadda na koma, cewa ta yi, "Ke kuwa me ya kai ki?"

Yanzu fatata ta dawo, sai tabo biyu a kan kumatu da nankarwar damtse, waɗanda likita ta ce in koyi zama da su. Man kaɗanya nake shafawa. Ina sa kwalli, ina ɗaura ɗankwalina ya tsaya, kuma na gano atamfa mai ruwan ƙwai da mai ruwan goro sun fi karɓar baƙar mace, abin da ba wanda ya taɓa faɗa mini. Na koma cewa "rigana" in ina gida.

Kwanan baya na je wani shago a Samaru ɗaukar hoton fasfo na takardun kammala karatu. Yaron ya ɗauka ya zauna gaban kwamfuta, ya ce, "Hajiya, a ɗan ƙara haske?" Na yi jim, fiye da yadda nake so in amsa muku, sannan na ce ya bar shi haka. Da ya wanko sai na ga ya goge tabon ya ɗan wanke ni duk da haka, wai kyauta ya yi mini. Na sa ya sake, na biya kuɗi biyu. Na gaskiyar na liƙa a fom, na kai wa Umma ɗaya ta jefa cikin gwangwanin zarenta. Ɗayan, wanda aka wanke, yana cikin zif ɗin jakata. Ban yaga shi ba tukuna.